Anaruwa da Wayarin Jirgin Gado

Ku gyara zama ku ji labarin wani mutum na bakin kogin Kwara, wanda har yau in aka ambaci sunansa sai wasu su fashe da dariya, wasu kuma su sunkuyar da kai.

A Tungar Gwanki aka yi Anaruwa. An haife shi ana tsuga ruwan sama, shi ya sa sunan ya bi shi. Mutum ne ɗan shekara arba'in da 'yan kai, ƙaƙƙarfa, mai tsabta, ba ya ƙarya, ba ya tsokanar kowa. Aibinsa guda ɗaya ne tak: abin da aka gaya masa shi ke nan, ba ragi ba ƙari. In ka ce masa ya tsaya nan, to ka tuna ka dawo ka sallame shi. Gida ɗaya suke da yayansa Maiwada, kowa da sashensa. Matar Anaruwa kuwa, Tabawa, ita ce mai suyar kifi a bakin tashar jirage, 'yar gajeruwa mai kaifin harshe. Duk garin ita kaɗai ce ba ta taɓa ce masa wawa ba, kuma wanda ya kuskura ya faɗa a gabanta, ranar sai dai ya ci tuwonsa ba kifi.

Ubansu ya rasu ya bar musu ƙaramin jirgi mai inji, mai ɗaukar mutum goma sha biyu. Maiwada ke tuƙi. Shi Anaruwa an gwada shi a gona an koro shi, an gwada shi a su an koro shi, jirgin nan kaɗai ya rage masa a duniya. Shi ke kwarfe ruwa, shi ke ɗaure jirgin da sarƙa a gindin giyayya in an tashi aiki, ya danna kwaɗo, ya rataya makullin a wuyansa. Yana son jirgin nan kamar ransa, don a kan bencin baya ubansa ya saba zaunar da shi. Maiwada kuwa ya daɗe yana neman dalilin da zai sauke shi, don ya gaji da dariyar 'yan tasha.

Wata rana Maiwada ya ɗauko wani mai wayarin daga birni, sunansa Jatau, don ya haɗa masa allon gaban direba: makullin tayar da inji, hon, fitilu, agogon mai, da famfon fitar da ruwa. Jatau ya nemi mai miƙa masa kaya, aka ba shi Anaruwa. Kafin a fara komai ya ɗaga sifana ya nuna batir.

"Ka ji doka ta farko. Kafin ka taɓa kowace waya, ka fara cire kan batir."

"Kowace waya, Oga?"

"Kowace waya."

Da la'asar hadari ya haɗo. Tabawa ta shanya tufafinsu kaf a kan wayar shanya, hannunta kuma duk mai, sai ta ce masa ya kwance wayar ya shigo da ita ɗaki da kayan a jiki. Anaruwa ya miƙa hannu, sai ya tsaya cak. Ya juya ya fita a guje. Daga gidansu zuwa bakin kogi akwai 'yar tafiya. Ya je ya cire kan batir, ya dawo yana haki, ya tarar da ruwa ya riga ya sauko, kaya sun jiƙe sharkaf. Tabawa ta tambaye shi ina ya je. Ya gaya mata.

"Haka Oga yac ce," in ji shi, ko a jikinsa.

Tabawa ta dube shi, ta dubi kayan, ta ce ai dama suna buƙatar ɗauraya. Matar Maiwada ce ta kai labarin tasha kafin magariba.

Wata rana, wato washegari, Jatau ya ɗaure wata 'yar sandar tagulla mai notuna a ƙarƙashin allon, ya zaunar da Anaruwa yana yi masa bayani. Ya ce mota jikinta ƙarfe ne, wuta kan fita ta jar waya ta koma batir ta jikin motar. Jirgi kuwa ba shi da jikin ƙarfe, don haka dole kowace ja ta sami baƙarta da wutar za ta bi ta koma. In babu, wuta za ta nemi hanya da kanta, kuma hanyar da za ta nema ba mai kyau ba ce.

"Saboda haka duk baƙar waya a nan take ƙarewa, kan tagullar nan. Daga nan wannan mai kaurin ta kwashe su ta kai batir. Ka gane?"

"Na gane, Oga."

Jatau ya tafi sallar azahar da cin abinci. Anaruwa ya cire kan batir, ya shiga neman baƙar waya. Ya ɗaura ta fitila, ya ɗaura ta hon, duk daidai. Sai ya ga wayar cajin Maiwada baƙa ce, ya ɗaura. Wayar da aka ɗaure murfin kwandon Tabawa baƙa ce, ita ma ya ɗaura. Da ya ɗaga kai sai ya hango wata baƙar waya na reto a jirgin Cindo, wani direban da ke ɗaure jirginsa kafaɗa da kafaɗa da nasu. Tausayinta ya kama shi, ganin ba ta da inda za ta ƙare. Ya jawo ta ya ɗaure tam da noti. Can Cindo ya zo ya tayar da injinsa ya ja da baya. Aka ji ɓarak! Fitilar gaban jirginsa ta tsinke ta faɗa ruwa, wayarinsa ya biyo baya kamar hanjin kaza.

Cindo ya yi ta zage-zage har muryarsa ta dushe. Anaruwa ya tsaya ƙyam ya ce masa wayarsa ce ba ta san gidanta ba, shi gyara ya yi. Sai da Jatau ya ɓata yammacinsa yana gyara wa Cindo kafin aka rabu lafiya.

Wata rana, ranar ƙarshe ta aikin, Jatau na kwance a ƙarƙashin allon yana neman inda hon ke yankewa. Ya ce, "Danna hon, kada ka saki sai na ce." Anaruwa ya danna, hon ya ɗauka. Daidai lokacin aka zo aka ce wa Jatau shanu sun ture babur ɗinsa a bayan kasuwa, ya zabura ya fita bai waiwaya ba. To a Tungar Gwanki akwai al'ada: in aka ji hon na kuka bai yanke ba, jirgi ne ya kife. Kafin ka ce me, masunta sun yar da komarsu sun faɗa ruwa, mata sun fito suna salati, liman ya iso da takalmi ƙafa ɗaya. Suka tarar da jirgi a ɗaure lafiya lau, da Anaruwa a tsaye da yatsa a kan hon.

"Kai! Saki!" in ji Maiwada.

"Ba kai kac ce in danna ba, Yaya."

Mutum uku suka kama hannunsa, suka kasa ɗaga shi. Hon ya yi ta kuka har batir ya mutu, muryarsa ta koma kamar ta tsohuwar akuya, amma yatsan na nan. Sai da Jatau ya dawo ya ce saki, sannan ya saki.

Da yamma Jatau ya haɗa kayansa, ya kira 'yan'uwan biyu ya buɗe musu wani ɗan akwati mai jeren fis kala-kala. Maiwada na sauraro da kunne ɗaya, yana danna wayarsa. Jatau ya ce abu biyu zai bar musu. Na ɗaya, kada ruwa ya taɓa allon nan. Na biyu, fis mai gadi ne, shi ke ƙonewa don kada jirgi ya ƙone.

"In ya ƙone, ku sa sabo. In sabon ya sake ƙonewa, jirgi ba ya tashi sai an nemo dalili. Kuma kada a sa komai a gurbin fis sai fis. Na san halinku na bakin ruwa."

Ya san halinsu kuwa. A tashar nan ba mai wahalar da kansa da sayen fis. In ya ƙone, sai direba ya zaro takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin taba, ya murɗe ta ya cusa a gurbin, inji ya tashi, kowa ya yaba masa da dabara. Maiwada ya ce to, to, an ji. Anaruwa kuwa leɓɓansa ne ke motsi yana bitar maganar.

Wata rana suna tsakiyar kogi aka fara yayyafi. A cikin fasinjoji akwai Hajiya Kubura, babbar 'yar kasuwa, ta lulluɓe buhunan gishirinta da tamfol. Anaruwa ya dubi sama, ya dubi allon, ya tashi ya yaye tamfol ɗin ya rufe allon da shi, har da hannuwan Maiwada da ke kan sitiyari. Hajiya ta kurma ihu. Ya ce mata gishiri ba shi da waya a ciki. Kafin su kai gaci ruwa ya yi ƙarfi, buhuna suka rame, ruwan da aka kwarfe daga jirgin ranar ya fi miya gishiri. Da suka dawo gida Maiwada ya tsaya a tsakar gida, ya ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji.

"Wallahi saura guda! Ka ƙara yi min guda, ka bar jirgin nan har abada!"

Tabawa ta fito da matsami a hannu. "Yaya, jirgin ga na ubanku na ku biyu. Ba a kasuwa kas saye shi ba."

"To shi tuƙa shi in gani!"

Ranar Anaruwa bai iya cin tuwo ba. Ba faɗan ne ya dame shi ba, ya saba da faɗa. Abin da ya kasa ganewa shi ne, shi kaɗai ke yin abin da aka ce, kuma shi kaɗai ake zagi.

Wata rana, ranar kasuwar ƙetare, jirgi ya cika maƙil tun da hantsi. Ga mata da kwandunan kifi, ga Hajiya Kubura da sababbin buhuna, ga jarkokin fetur biyu a baya. Maiwada ya murɗa makulli, aka ji ɗan ƙas, komai ya mutu. Anaruwa ya cire kan batir, ya buɗe akwati, ya sa sabon fis, ya mayar. Inji ya tashi, ya yi gurnani kaɗan, sai ƙas kuma. Cindo, wanda ke loda nasa jirgin a gefe, ya yi dariya ya jefo wa Maiwada kwalin taba.

"Yaya, ba a sa komai sai fis," in ji Anaruwa. "Kuma jirgi ba shi tashi sai an nemo dalili."

"Dalilin uwaka! Kauce min."

Anaruwa bai yi musu ba. Ya diro daga jirgin, ya jawo sarƙa ya zagaya gindin giyayya, ya danna kwaɗo. Sannan ya cire makullin daga wuyansa, ya ja da baya, ya wurga shi iya ƙarfinsa can inda ruwa ke da zurfi. Tashar ta yi tsit, har aka ji faɗawar makullin.

Maiwada ya sauko, ya ɗauke shi da mari a gaban jama'a. Anaruwa ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, amma ko hannu bai ɗaga ba.

"Jama'a ku shaida! Daga yau kada ka sake taka jirgin ga! Na haramta maka shi!"

"Na ji, Yaya. Amma ba shi tashi."

Fasinjoji suka yi masa ca. Wannan ya ce mahaukaci, wancan ya ce a ɗaure shi da sarƙar. Tabawa ta baro kaskonta a kan wuta ta zo ta tsaya a gefen mijinta, ta ce duk wanda ya isa ya matso. Ba wanda ya matso. Anaruwa na tsaye kumatunsa na zafi, yana kallon bencin baya, hawaye na zubo masa bai share ba. Ya san ya rasa jirgin, kuma ko kusa bai yi nadama ba.

Aka aika aka aro zarto. Maiwada ya murɗe takardar taba ya cusa a gurbin fis, inji ya tashi lafiya ƙalau. Ya waiwayo ya ce, "To ga dalilinka nan!" Mutane suka yi shewa. Ya bar injin na aiki, Cindo na yankan sarƙa. Sarƙar kuwa ta zamanin ubansu ce, ba ta san wasa ba. Aka yi ta goga zarto har tsawon lokacin da a ce sun tashi, da sun kai tsakiyar kogi, inda ko gwanin iyo kan yi addu'a kafin ya shiga.

Hajiya Kubura ce ta fara cewa tana jin ƙaurin roba. Kafin a amsa mata hayaƙi ya turnuƙo daga ƙarƙashin katakon daɓen jirgin, wuta ta biyo wayar tana gudu, kai ɗaya ya nufi allon, ɗaya ya nufi baya inda tanki da jarkoki suke. Wayyo Allah! Mutane suka riƙa dirowa ta kowane gefe. Da yake a bakin gaci ake, ruwan iya gwiwa ne. Hajiya ta faɗo zaune, ta tashi ta fi kowa gudu.

Maiwada ya kashe makulli, wuta ba ta fasa ba. Ya kai hannu zai fizge wayar, ta ƙone masa tafi. Ya ƙwala kira.

"Anaruwa! Shigo ka fizge ta!"

"Ka ce kada in taka, Yaya."

Bai taka ba kuwa. Ya shiga ruwa ya zagaya ta bayan jirgin, ya zaro sifana daga aljihu, ya miƙa hannu ta gefe, ya kwance kan batir a natse kamar yadda yake yi kullum kafin ya taɓa waya. Tartsatsi ya tsaya nan take. Ya sungumi jarkokin ɗaya bayan ɗaya ya wurga su nesa. Sai ga Cindo da bokiti cike da ruwa zai watsa wa allon. Anaruwa ya tare shi da ƙirji.

"Ruwa ba shi taɓa allon ga!"

"Kai, wuta fa ta ci!"

"Haka Oga yac ce!"

Tabawa ce ta juye kifinta a ƙasa, ta cika tiren da yashi ta watsa. Sauran mata suka bi ta, kowace da abin da ta samu. Yashi ya danne wutar, har da ɗan fetur ɗin da ya tsiyaye a daɓen, wanda da ruwa aka zuba masa da sai ya ɗauke shi ya yaɗa ko'ina.

Aka kira Jatau, ya iso bayan azahar. Ya ɗaga katako ya nuna musu: ɓeraye ne suka biyo ƙarnin kifi suka gwaigwiye rigar jar waya, ta riƙa gogar baƙa, taku ɗaya daga tankin mai. Ya zaro ƙonanniyar takardar tabar daga gurbin fis, ya ɗaga ta sama kowa ya gani. Ba wanda ya iya haɗa ido da shi. Hajiya Kubura ta dubi tsakiyar kogin, ta dubi jikokinta biyu da ta zo da su, sai ta zauna a yashi ta fashe da kuka.

Maiwada ya matso kusa da Anaruwa da hannu naɗe da tsumma, ya yi ƙasa da murya.

"Shiga ka taya Oga aiki."

"An haramta min."

"To na janye."

Tabawa ta ce, "A'a, Yaya. Gaban jama'a kam mare shi, gaban jama'a kac ce su shaida. Ga su nan ba su watse ba."

Maiwada ya dubi ƙanensa, ya ga shatin yatsunsa har yanzu a kumatunsa. Kunya ta rufe shi. Ya juya ya fuskanci tasha, ya ɗaga murya kamar yadda ya ɗaga ta da safe.

"Jama'a ku shaida, na janye maganata. Ni ad da laifi. Anaruwa, ka yafe min. Hau jirgin ubanka ka zauna."

Anaruwa ya ɗauraye ƙafafunsa, ya hau, ya wuce kai tsaye zuwa bencin baya, ya share yashin da ke kai da hannun rigarsa, ya zauna. Maiwada ya juya zai tafi neman maganin ƙuna, ya yi taku uku, sai ya tsaya cak. Ya dawo da sauri har bakin jirgin.

"Kuma ka tashi duk sa'ad da kag ga dama."

Nan na tsaya, ni ma an sallame ni.